Jingar da Nake Kwana a Bayanta

A unguwarmu ba gangarawa ake yi zuwa kogi ba, hawa ake yi. Daga ƙofar gidanmu a Thamesmead, can kudu maso gabashin Landan, sai ka bi ta bayan gidaje, ka ratsa wani fili mai ciyawa, ka haye tudu, sannan ka ga Kogin Thames shimfiɗe a gabanka. Na yi shekaru ina wannan hawan ban kawo komai a raina ba. Aikin dare nake yi a wani asibiti, don haka yawancin fitata da sassafe ce, idan na taso barci ya ƙi zuwa. Sau da yawa laka nake tararwa, tsuntsaye suna kiwo a kanta, ruwan yana can tsakiya abinsa.

Wata rana ina hutu na fita bayan azahar, kwana biyu da tsayuwar wata. Na iske kogin ya cika ya batse, laka ta ɓace, ruwa yana marin jikin katangar kankare. Na dafa katangar na waiwaya. Ga titinmu can ƙasa, ga motoci a jere, ga wata mata tana tura keken jariri. Na dubi ruwan, na sake duban titin. Ruwan ya fi rufin motocin bisa. Gabana ya faɗi. Abin da na ɗauka tudu ne na Allah, ashe jinga ce, hannun mutane ya tara ta. Na baro Haɗejiya, na ƙetare hamada da teku, ashe a bayan jinga na sake shimfiɗa tabarmata.

Mutumin Haɗejiya ba a yi masa bayanin jinga. Idan damina ta yi nisa, ruwan Tiga da na Challawa ya taho ya haɗu da na sama, ciyawar kachala kuma ta toshe masa hanya, to gari ba ya barci. Ina saurayi na kwana a kan jinga ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ana cika buhuna da ƙasa ana miƙawa hannu da hannu, mata suna aiko da kunu daga cikin gida, sauro yana nasa aikin. Baffana, Allah ya jiƙansa, ba ya tsayawa a sama inda kowa ya zuba wa ruwa ido. Bayan jingar yake bi, ta ɓangaren gari, yana haska gindinta da tocila. In ya ga wuri ya jiƙe sai ya tsuguna ya tari ruwan a tafin hannu. In garau yake, ya ce a bar yaro ɗaya nan ya sa ido. In kuwa ya ga ya gauraye da ƙasa, sai ka ji muryarsa: "Ku kawo buhu nan, tana cin cikinta!" Ramin gafiya ɗaya ya isa ya jawo wa unguwa kwana a tsaye.

Sai dai ruwanmu baƙon shekara-shekara ne. Ya zo ya yi kwanakinsa, ya wuce Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi, bai taɓa ganin teku ba. Na nan kuwa sau biyu yake sallama kowace rana. Daga bakin teku har zuwa Teddington, yamma da birni, teku ce ke kutsowa cikin kogin ta kuma janye, kuma a tsakiyar Landan tazarar da ke tsakanin cika da janyewa takan kai mita 7. Babbar cika wata take bi: kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwarsa, da kuma bayan daren sha huɗu. Tun daga ranar nan, kalandar Musulunci da ke rataye a kicin ɗinmu ta samu aiki na biyu.

Cikar yau da kullum ba ita ce abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne guguwa ta taso a Tekun Arewa ta turo ruwa kudu, inda tekun ke tsukewa kamar mazurari tsakanin Ingila da Holan, tulin ruwan nan ya iso bakin Thames daidai lokacin babbar cika. Haka ta faru a daren 31 ga Janairu 1953. Mutum 307 suka rasu a Ingila, 1,836 a Holan. Kafin nan, a Janairun 1928, kogin ya tsallake katanga a tsakiyar Landan ya ci mutum 14, yawancinsu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suke kwance. Fadamar da aka gina unguwarmu a kanta ita ma ta sha ruwa a 1953. Shi ya sa gidajen farko da aka yi nan a ƙarshen shekarun 1960 suke da wani irin fasali: garejin mota a ƙasa, ɗakunan kwana a sama, hanyoyin ƙafa a rataye tsakanin benaye. Da ina ganin abin kamar salon gini ne kawai. Tsoron ruwa ne aka zuba a kankare.

Duk ɗan'uwan da na gaya wa damuwata a masallaci amsa ɗaya yake ba ni: "Haba Malam, ai akwai madatsar Thames." Gaskiya ne akwai ta, kuma abin a je a gani ce. Na kai 'yata ranar da ake gwajin rufe ta, muka tsaya a gefen Charlton muna kallo. Faɗin kogin a wurin mita 520 ne, an jera ginshiƙai masu hulunan ƙarfe suna walƙiya, ƙofofi goma a tsakaninsu. Manyan guda huɗu kowacce faɗinta mita 61, nauyinta tan 3,300. Ba ka ganinsu a ranar da lafiya lau, domin kwance suke a ƙasan kogi jiragen ruwa suna wucewa ta kansu. Muna tsaye sai ruwa ya fara motsi, wani baƙin abu ya ɓullo sannu a hankali, laka tana zuba daga bayansa, har ya miƙe tsaye kamar bene mai hawa biyar. Yarinyar ta riƙe hannuna gam. Injiniyan da ya kawo dabarar, Charles Draper, daga makunnin murhun gas ya ɗauko ta, wanda ake murɗawa ya buɗe a murɗa ya rufe. An fara ginin a 1974, ta fara aiki a 1982, Sarauniya Elizabeth ta buɗe ta a hukumance ranar 8 ga Mayu 1984.

A hanyar komawa yarinyar ta ce, "Abba, yanzu ruwa ba zai zo gidanmu ba ko?" Ban iya yi mata ƙarya ba. Madatsar tana yamma da mu. Mu muna tsakaninta da teku. In an rufe ta, majalisar dokoki da bankuna da jiragen ƙarƙashin ƙasa sun tsira, ruwan kuma ya tsaya a ɓangarenmu yana neman inda ya fi laushi. Abin da ke tsakaninmu da shi tulin ƙasar nan ne da katangar kankare da ba wanda ke ɗaukar hoto a gabanta.

Ita wannan katanga ba ta da ranar biki, kuma ba ita kaɗai ba ce. Daga Teddington zuwa Sheerness da Shoeburyness akwai katangu da jingaye da tsawonsu ya kai kilomita 330, da manyan madatsu da ƙofofi tara, da ƙananan abubuwa sama da 400: ƙofofin ruwa, bakunan magudanu, injinan tsotse ruwa. Mutum sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu ke kwana a bayansu. Yawancin katangun nan an gina su ko an ƙara musu tsayi ne a shekarun 1970 da farkon 1980, tare da babbar madatsar, ke nan tare suke tsufa. Ƙarfen da aka kafa cikin laka yana tsatsa, ruwan gishiri kuwa ba ya wasa da ƙarfe. Kankare yana tsagewa. Saiwar bishiya tana shiga tsakanin bulo. Dabbobi suna haƙa rami a jikin jingar ƙasa, kamar dai gafiyar garinmu.

Wata safiya, ruwa ya janye sosai, na tarar da wani Bature sanye da rigar ma'aikata mai ɗaukar ido, ya leƙa ta saman katanga yana ɗaukar hoton wani abu a ƙasa. Na gaishe shi na leƙa ni ma. Bakin wani kwalbati ne a jikin katangar, da murfin ƙarfe zagayayye a rataye daga sama. Ya yi mini bayani ba tare da ƙosawa ba. Ruwan saman da ya sauka a bayan katanga dole ya samu hanyar fita. Idan kogi ya janye, ruwan cikin kwalbatin ya turo murfin ya buɗe ya zube. Idan kogi ya cika, nauyinsa ya danne murfin ya rufe ruf. Ba inji, ba lantarki. Amma ranar wani guntun katako ya maƙale a bakin murfin, robobin ruwa sun taru a bayansa, ya bar tazara kamar faɗin tafin hannu. Ya ce in aka bar shi haka, da yamma kogi zai bi ta nan ya shiga baya. Ya rubuta, ya buga waya a turo masu cirewa. Ya nuna mini yadda suke ba kowane yanki na katanga maki daga ɗaya zuwa biyar, ɗaya lafiyayye, biyar ya lalace. Daga nan ya ci gaba da tafiya, kansa a sunkuye, yana duban gindin katanga ta ɓangaren gidaje.

Na tsaya ina kallon bayansa har ya yi nisa. Tafiyar Baffa ce sak, tocila ce kawai babu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ko da mutumin nan da abokan aikinsa sun toshe kowace tsaga, sun cire kowane katako, katangar tana gajarta alhali ba wanda ya taɓa ta. A Southend, bakin kogin, akwai ma'aunin da ya daɗe yana rubuta tsayin teku. Daga 1911 zuwa 2018 ruwan ya ƙaru da kusan santimita 15, kuma a shekarun baya-bayan nan hawan ya haura milimita 3 a shekara. Ƙwayar gero ɗaya ke nan, ko ta dawa. Wa zai tashi gari saboda ƙwayar gero? Amma ba ta komawa, kuma saurinta ƙaruwa yake yi. Teku tana ɗumama tana kumbura, ƙanƙarar Greenland da ta Antatika tana narkewa tana ƙara mata. Ita kanta ƙasar kudancin Ingila nitsewa take yi a hankali: tun da ƙanƙarar da ta danne arewacin tsibirin dubban shekaru da suka wuce ta narke, arewa take ɗagowa kudu tana sauka, kamar sikelin mai awo da aka ɗauke wa dutse a gefe ɗaya. Lissafin da ake aiki da shi ya nuna kafin 2100 ruwan zai iya hawa mita ɗaya ko ya ɗan ɗara.

Ita ma babbar madatsar tana jin abin a jikinta. Ya zuwa cikarta shekara 40 da buɗewa, a 2024, an rufe ta sau 221 don kare birni. A shekarunta na farko sai a yi shekara ba a rufe ta ba fiye da sau ɗaya ko biyu. A hunturun 2013 zuwa 2014 kaɗai an rufe ta sau 50, mafi yawa ba don teku ba, don ruwan sama ne da ya cika kogin daga sama: a rufe ƙofa tun ruwa yana janye, a bar wa na tudu wurin zama. Wannan adadi na 50 shi ne iyakar da masu kula da ita suka ce bai kamata a riƙa wucewa a shekara ba. Dalilin kuwa duk mai injin niƙa ya san shi. Injin da ke aiki kullum yaushe za a kwance shi a sa masa mai, a canja abin da ya cinye? Kowace rufewa tana cin lokacin gyara. Don haka dole a ƙara wa katangun cikin birni tsayi, domin cikar da ba ta kai ta kawo ba ta wuce abinta ba sai an tashi ƙofofi ba.

Akwai shiri a rubuce, na Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila, wanda aka fitar a 2012 aka sabunta a 2023, yana kallon har shekara ta 2100. Na zauna na karanta abin da zan iya a daren da aiki ya yi sauƙi. Abin da ya burge ni shi ne ba su ce sun san gobe ba. Sun ce za a riƙa auna ruwa ana gyara lissafi, kuma sun gyara ɗin: katangun da ke yamma da madatsar, da aka ce za a ɗaga kafin 2065, an dawo da wa'adinsu 2050. Namu na ɓangaren teku kafin 2040. Kafin 2040 ɗin ne kuma za a yanke shawarar abin da zai gaji madatsar, ko a inganta ta ko a gina sabuwa can gaba wajen teku, domin ya kasance a tsaye kafin 2070. An kiyasta kuɗin shirin gaba ɗaya ya haura fam biliyan 16.

A nan ne hankalina bai kwanta ba. Hukumar ƙaramin kaso ne na katangun nan take da shi. Sauran na masu filin bakin kogi ne: ƙananan hukumomi, kamfanoni, ma'aikatu, masu gidaje, kuma a doka kowa shi ke da alhakin gyaran gabansa. Ruwa kuwa bai san iyakar fili ba. Mutum tara su gyara nasu, na goma ya ce sai baɗi, duk goman za su jiƙe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma na lura, a nan da can gida duka, kuɗin sabon gini ya fi na gyara saurin fitowa, domin sabon gini ana yanka masa kyalle a kira 'yan jarida, cire katako daga bakin kwalbati kuwa ba mai tafa maka. Daren 10 ga Satumba 2024 ina bakin aiki hotunan Maiduguri suka fara shigowa wayata bayan madatsar Alau ta ɓalle, mutane a kan rufin gidaje, tsofaffi a cikin kwalekwale a tsakiyar titi. Na kasa cin abincin da na zo da shi.

Wani abin kuma, jinga ba a ƙara mata tsayi sai an ƙara mata gindi. Duk wanda ya taɓa ɗora buhu ya san in ka hau sama ba ka faɗaɗa ƙasa ba, zamewa za ta yi. Ina ganin dogayen benaye suna tasowa a bakin kogi daga Woolwich zuwa nan, ana kuma maganar ƙarin dubban gidaje a unguwarmu. Ba na ƙin gidaje, na san wahalar haya a garin nan. Amma duk ginin da aka manna wa katanga yau, ya cinye wurin da za a tsaya a ɗaga ta gobe. Wanda zai ba da izinin gini ya fara zuwa ya tsaya inda na tsaya, ranar babbar cika, ya waiwaya baya.

Na je tsibirin Canvey sau ɗaya, can kusa da bakin teku, inda mutum 58 suka rasu a daren 1953. Ruwan ya fasa jinga ne bayan tsakar dare, mutane suna barci a ƙananan gidaje marasa bene, ba wanda ya gargaɗe su. Wasu ba nitsewa suka yi ba, sanyi ne ya kashe su a kan rufi suna jiran gari ya waye. Yau katangar kankare ta kewaye tsibirin, ta fi mutum tsayi, an zana tarihin daren a jikinta don yara su gani. Lokacin da na je ana sabunta shimfiɗar da ke kare gindinta ta gefen kudu, wajen kilomita 3, motocin aiki suna jiran ruwa ya janye su sauka, ya dawo su hau. Mutanen wurin ba sa yi wa katangarsu kallon kayan gwamnati. Suna maganarta yadda muke maganar jingarmu.

Abin da ya fi ba ni wuyar haɗiya shi ne jin cewa akwai wuraren da da gangan ake fasa jinga. A tsibirin Wallasea da ke Essex, an kwaso ƙasa sama da tan miliyan 3 daga ramin da aka haƙa wa layin dogo na Elizabeth, wanda nake hawa daga Abbey Wood in tafi aiki, aka kai ta can a jiragen ruwa aka daidaita filin, sannan a 2015 aka yanke tsohuwar jingar aka bar teku ta shiga gonaki. Da farko na ce wannan ai ɓarna ce. A garinmu wanda ya fasa jinga da hannunsa ba zai kwana a gari ba. Sai da na tuna fadamun da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru. Shekarar da suka sha ruwa suka baje, gari yakan samu sauƙi, ga kifi, ga shinkafa, ga makiyaya. Haka fadamar gishiri take yi a nan: tana karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso katanga, laka tana taruwa a kanta tana ɗagowa tare da teku. Na yarda da hikimar. Amma har yanzu ina tuna manomin da kakanninsa suka ƙwato wannan ƙasa daga ruwa, aka ce masa lokaci ya yi da za a mayar.

'Yata an haife ta a 2016. Ranar da nake karanta shirin nan a gida ta leƙo ta ga shekarun, ta ɗauko biro ta yi lissafi a bayan ambulan. A 2040 tana da shekara 24. A 2070 tana da 54, ta girme ni a yau. Ta ce, "Abba, kai fa?" Na ce mata sai abin da Allah ya yi. Na sa lambar wayata da ta mahaifiyarta a tsarin gargaɗin ambaliya, mun mayar da fasfo da takardun haihuwa ɗakin sama cikin jakar leda, na nuna wa yaran hanyar da za mu bi zuwa tudun Abbey Wood in ta kama.

Jiya na kira Yaya a Haɗejiya. Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, ina labarin jinga?" Ya ce ruwa bai iso ba tukuna, amma sun fara tara buhuna, kuma akwai wani wuri ta gabas da bai yarda da shi ba, gobe zai je da yara su duba. Ya tambaye ni tamu. Na ce masa wata ya kwana goma sha uku, jibi ko gata kogi zai cika, kuma ina so in fita da safe tun ruwa yana janye in leƙa murfin nan in ga ko ya zauna daidai.